Balan-balan ɗin da ke toshe babbar jijiya: na riƙe shi a hannu, ga hukuncina

A makonnin baya wani wakilin kamfanin da ke shigo da kayan asibiti ya zo mana nan Sakkwato da wani dogon kwali, ya tara mu, likitocin tiyata da ma'aikatan jinya na sashen agajin gaggawa, ya ce ya kawo mana abin da zai ceci waɗanda jini ke ƙare musu a cikin ciki kafin a kai su ɗakin tiyata. Abin da ya fitar siririn bututu ne mai tsawo, mai ɗan balan-balan kusa da bakinsa, na aikin da likitoci ke kira Rebowa (REBOA) a taƙaice, wato toshe babbar jijiya daga ciki da balan-balan domin rage zubar jini. Ya bar mana samfur guda da mutum-mutumin roba domin mu gwada, kuma aka ɗora mini nauyin in duba in ba da shawara ko ya dace a nemi kuɗin sayensa. Na yi kwanaki ina juya shi, na koma na karanta abin da aka wallafa a kansa, kuma na ga ya kamata in rubuta abin da na samu da Hausa, domin ranar da za a miƙa wa wani uba takarda ya sa hannu a yi wa ɗansa wannan aiki, ba Turanci zai tsaya karantawa ba.

Dabarar ba ta da wuyar fahimta ga duk wanda ya taɓa ganin noman rani a fadamun Goronyo ko Wurno. Idan ƙaramar hanyar ruwa ta fashe a can ƙasa kuma ba a iya isa wurin nan take, manomi yakan je ya datse babbar hanyar daga sama, ɓarnar ta tsaya, amma duk gonakin da ke ƙasa da datsiyar su ma sun daina samun ruwa, mai fashewa da marar fashewa. Babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya ta gangara ta ƙirji zuwa ciki ita ce wannan babbar hanya. Ana huda jijiyar gindin cinya, a zura bututun ya haura cikin babbar jijiyar, sannan a cika balan-balan ɗin da ruwan gishiri na asibiti har ya toshe ta. Jinin da ya saura sai ya taru a sama, ya ci gaba da ciyar da zuciya da ƙwaƙwalwa, zubar da ake yi a ƙasa kuma ta ragu. Baligi yana da jini kimanin lita 5 a jikinsa, kuma saifa ko hanta da ta fashe, ko ƙashin ƙugu da ya tarwatse, na iya zubar da kaso mai yawa daga ciki ba tare da an ga ko ɗigo a waje ba. Hannu ko ƙafa ana iya ɗaure su a tsayar da jini, amma ciki ba shi da wurin ɗauri, kuma wannan giɓin ne aka ƙera na'urar domin ta cike.

Ba sabon tunani ba ne. Wani likitan sojan Amurka mai suna Carl Hughes ya gwada shi a kan sojojin da suka ji rauni a yaƙin Koriya, ya wallafa bayaninsa a 1954, kuma waɗanda ya yi wa ba su rayu ba. Daga nan abin ya kwanta shekaru da dama, sai dai likitocin Jafan da suka ci gaba da amfani da irinsa, har yaƙe-yaƙen Iraƙi da Afganistan suka sake tayar da shi. A 2014 ma'aikatan jirgin agajin gaggawa na Landan suka yi shi a karon farko a wajen asibiti.

Ta fuskar ƙira, ba ni da abin cewa sai yabo. Bututun da aka kawo mana yana shiga ta kube, wato gajeren bututun da ake fara kafawa a jijiyar cinya, mai faɗin da bai kai milimita 3 ba, alhali na da sai an yi amfani da mai faɗin kusan milimita 4, wanda idan an zare shi dole a buɗe cinyar a ɗinke jijiyar. Bakinsa a lanƙwashe yake kamar ƙugiyar sanda domin kada ya soki bangon jijiya ko ya kauce cikin wani reshe, kuma an rubuta santimita a jikinsa daki-daki. An raba babbar jijiyar gida uku. Gida na farko yana cikin ƙirji, sama da rassan da ke ciyar da hanji da hanta da ƙoda, kuma a nan ake toshewa idan zubar a cikin ciki take, a zurfin kimanin santimita 46. Gida na uku yana ƙasa da jijiyoyin ƙoda, a kimanin santimita 28, domin zubar ƙugu da mahaifa. Na tsakiya, inda rassan suke fita, ba a hura balan-balan a cikinsa. A jikin mutum-mutumin na zura bututun, na matsa sirinji a hankali, na ga allurar awon bugun jini ta tashi, duk cikin 'yan mintuna, har wata ma'aikaciyar jinya da ke gefena ta ce, "Likita, ai wannan ya fi sa robar fitsari sauƙi."

Maganarta ce ta tsaya mini a rai, domin a nan yaudarar take. Jijiyar mutum-mutumin a cike take, a tsaye, tana jiran allura. Ta wanda jini ya ƙare masa kuwa takan motse, bugunta ya ɓace, ta kwanta kusa da jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya har mutum ya kasa bambance su da yatsa. Dole sai da na'urar hoton cikin jiki da hannun da ya saba, ko kuma a tsaga cinyar a nemo ta da ido. Idan aka huda ƙasa da inda ya dace, aka shiga reshen da ya fi ƙanƙanta, kuben na iya toshe shi gaba ɗaya ƙafar ta rasa jini. Idan aka huda sama da yawa, an buɗe sabuwar zuba a wurin da ba a iya dannewa. Wakilin bai yi mana ƙarya ba, amma duk wannan bai ambace shi ba sai da na tambaya.

Haɗarin da ya fi girma shi ne na lokaci. Daga daƙiƙar da aka hura balan-balan ɗin a gida na farko, hanji da hanta da ƙoda da lakar baya da ƙafafu biyu duk sun shiga yunwar jini. Ƙungiyoyin likitocin tiyata da na agajin gaggawa na Amurka, a matsayar haɗin gwiwa da suka sabunta a 2019, sun ce kada a toshe gida na farko idan ba za a iya fara aikin tsayar da jinin cikin minti 15 ba, kuma wuce minti 30 yana ƙara lalacewar gaɓoɓi da mutuwa. A gida na uku an ɗan sassauta, amma ba a son a kai minti 60. Ina roƙon mai karatu ya tsaya a kan wannan minti 15 ɗin, ya auna shi da abin da ya sani na asibitocinmu: a nemo mai sa barci, a buɗe kayan aiki, a tabbatar akwai wuta, a kawo jini daga ma'ajiya. Balan-balan ɗin ba ya ɗinke komai, lokaci kawai yake arowa, kuma rabin jikin majiyyaci ne jinginar wannan bashi.

Sa'ar biya ita ce sa'ar da ake sassauta shi, kuma ita ce ƙwararru suka fi tsoro. Duk tsawon lokacin toshewar, naman da ke ƙasa yana tara tsami da sinadarin fotashiyam. Da an buɗe hanya, wannan gurɓataccen jini yana kwararowa zuciya a lokaci guda, jijiyoyin ƙasa da suka saki suna shanye ɗan jinin da ya saura, bugun jini ya faɗi, zuciya ta iya rikicewa ko ta tsaya. Shi ya sa ake sassautawa kaɗan-kaɗan, mai sa barci yana tsaye da jini da magunguna a hannu. Wanda ya tsallake wannan yana iya farkawa da ƙodar da ta daina aiki sai da wankin ƙoda, ko hanjin da wani sashe nasa ya mutu, ko ƙafar da ta kumbura ta yi tauri har sai an tsaga fatarta, wani lokaci ma a yanke ta, ko shanyewar ƙafafu saboda lakar baya ta rasa jini. Duk wanda ya san tsadar wankin ƙoda ga iyali a garin nan ya san cewa wannan ba ƙaramin sakamako ba ne.

Akwai kuma haɗarin da ke sama da balan-balan ɗin. Jinin da aka tare yana ƙara matsi a ƙirji da kai, saboda haka idan akwai zuba a cikin ƙirji, ko jini ya taru a jakar zuciya, ko babbar jijiyar kanta ta tsage, toshewar tana ƙara ɓarna ne, kuma ana fargabar ta ƙara zubar jini a ƙwaƙwalwa. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin yawancin 'yan kabu-kabu da ake kawo mana ba su sa hular kwano, kuma da wuya ka ga wanda ya fashe ciki bai bugu a kai ba. Harsashi ma, irin wanda muke gani daga gabashin jihar nan, daga wajajen Sabon Birni da Isa da Rabah, ba ya bin ƙa'idar gida na farko da na uku. Yakan shiga ta ciki ya fita ta ƙirji. Hura balan-balan fiye da kima kuma yana iya fasa jijiyar ko ya fasa kansa, shi ya sa ake koyar da a fara da mililita 8 a ƙirji, 2 a ƙasa, a ƙara a hankali ana kallon awo.

Duk wannan ana iya cewa tsadar ceton rai ce, in dai ran ana cetonsa. To a nan ne karatuna ya sauya mini ra'ayi. Gwaji na farko da aka yi ta hanyar raba majiyyata gida biyu da ƙuri'a an yi shi ne a Birtaniya, a manyan cibiyoyin kula da masu rauni 16, ƙarƙashin jagorancin Jan Jansen, aka wallafa shi a mujallar likitoci ta Amurka mai suna JAMA a 2023. Mutum 90 aka shigar. Bayan kwana 90, kashi 54 cikin ɗari na rukunin da aka ware wa balan-balan sun rasu, a ɗaya rukunin da aka yi wa kulawar da aka saba kawai kuma kashi 42. Mutuwa saboda zubar jini ita ma ta fi yawa a rukunin balan-balan, aka kuma dakatar da gwajin tun bai kai adadin da aka tsara ba. Wani abin lura shi ne, cikin mutum 46 da aka ware wa na'urar, 19 kaɗai aka kai ga hura musu ita, kuma rukunin nasu ya fi daɗewa kafin a kai ga ainihin aikin tsayar da jinin. Masu kare na'urar suna cewa adadin ya yi kaɗan, kuma likitocin ba su yi ta sau da yawa har hannunsu ya faɗa ba, kuma wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai ni ta ƙara tsorata ni ne. Idan cibiyoyin Birtaniya, masu jini a firiji da ɗakin tiyata a buɗe dare da rana, sun ɓata mintuna a gindin cinya har abin ya zama asara, mu da za mu yi aikin sau ɗaya ko biyu a shekara fa?

Kafin wannan, wani nazari da aka yi a kan bayanan asibitocin Amurka, aka wallafa a 2019, ya kwatanta mutum 140 da aka yi wa aikin da 280 masu irin rauninsu da ba a yi wa ba. Mutuwa ta kai kusan kashi 36 a na farko, kusan 19 a na biyu, kuma lalacewar ƙoda da yanke ƙafa sun fi yawa a waɗanda aka yi wa. Irin wannan nazari na waiwaye yana da rauni, domin mai yiwuwa waɗanda likita ya zaɓa ya sa wa balan-balan dama sun fi kusa da mutuwa, amma alƙiblarsa ɗaya ce da ta gwajin da ya biyo baya.

Ina tuna wani saurayi ɗan kabu-kabu da babbar mota ta buge a hanyar Illela, tafiyar da ta haura kilomita 80 daga nan. A bayan motar ɗaukar kaya aka kawo shi, kwance a kan tabarma, mahaifinsa na riƙe da kansa, bayan sun tsaya a wani ƙaramin asibiti an sa masa ƙarin ruwa an ce su yi gaba. Tafin hannunsa fari fat, cikinsa ya yi tauri kamar ganga, yana ta neman ruwan sha da muryar da ba ta fita. Dattijon ya kama hannun rigata ya ce, "Likita, mi za a yi mai?" Na ce, "Baba, saifarsa ce muke zargi ta fashe, za mu shiga da shi yanzu, amma jini muke nema, a kira duk ɗan uwan da ke kusa." Ya fita yana lalube a wayarsa da hannu mai rawa. Muka buɗe cikin, na cusa ƙyallayen tiyata a kusurwoyi huɗu, na danne babbar jijiyar da hannuna a ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki har mai sa barci ya samu ya ɗan cike shi, sannan muka cire saifar. Leda biyu na jini muka samu a kan lokaci, ta uku sai da wani ƙanensa ya iso da dare. Allah Ya yi da sauran kwanansa. Da na zauna da samfurin nan na tambayi kaina ko da zai canja wani abu a wannan ranar, sai na ga awannin da aka rasa a hanya aka rasa su, abin da ya kusa kashe shi a hannunmu kuma rashin jini ne, kuma mintunan da zan ɓata ina neman motsattsiyar jijiya a cinyarsa su ne waɗanda na yi amfani da su na buɗe cikin.

Ba na so a fahimce ni cewa na'urar ba ta da wuri. Ga wanda ƙugunsa ya tarwatse yana zuba, a cibiyar da ke da likitan jijiyoyi da ɗakin tiyata a shirye, toshe gida na uku na ɗan lokaci ya fi tsaga ƙirji a matse jijiyar da ƙarfe sauƙi ga jiki. An kuma fito da sabbin samfura masu barin ɗan jini ya riƙa wucewa domin rage yunwar gaɓoɓin ƙasa, ko da yake su ma ba su kawar da agogon ba. Inda na fi ganin alfanunta a wurinmu shi ne ɗakin haihuwa, ga matar da hoto ya nuna tun tana da ciki cewa mabiyiya ta manne ta shige bangon mahaifa, abin da ke ƙaruwa da yawaitar haihuwa ta tiyata. A nan an san ranar, an tanadi jini, an sa kuben cikin natsuwa tun jijiyar tana cike, kuma toshewar a ƙasa da ƙoda take. Wannan aiki ne na cibiya mai girman asibitin koyarwa, da tawaga ɗaya da za ta riƙa yinsa har ta ƙware, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai maganar kuɗi. Bututun sau ɗaya ake amfani da shi a yar, da dala ake sayensa, kuma yana da ranar lalacewa ko an buɗe ko ba a buɗe ba. A tsarin da iyalin majiyyaci ne ke biyan yawancin kayan aiki daga aljihunsu, wannan nauyi a kan irin dattijon nan zai faɗa. Akwai abubuwa masu araha da hujjarsu ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Allurar taranekzamik mai rage zubar jini, wadda gwajin da aka wallafa a 2010 a kan masu rauni sama da 20,000 a ƙasashe 40 ya nuna tana rage mutuwa, musamman idan an ba da ita cikin awa 3 na farko, ya kamata a same ta a kowane babban asibiti a ƙananan hukumominmu 23, daga Tambuwal har Gada. Zanen gado da aka naɗe aka ɗaure tam a daidai kan ƙasusuwan cinya yana rage zubar karyayyen ƙugu, kuma jami'in kiyaye haɗurra ko direban motar asibiti zai iya koyonsa a yini ɗaya. Ma'ajiyar jini mai firijin da ba ya mutuwa, da masu ba da jini na sa kai da ba sai an jira ƙanen majiyyaci ya taso daga ƙauye ba, su ne abin da ko shi kansa balan-balan ɗin ba ya aiki sai da su.

Shawarar da na rubuta ita ce kada a saya wa sashen agajin gaggawa wannan na'ura a yanzu, a bar ƙofa a buɗe ga likitocin mata da na jijiyoyi idan sun shirya tawaga domin aikin da aka tsara tun da wuri, kuma kuɗin da aka yi niyya a karkatar da shi ga jini da ƙaramar na'urar hoton ciki da za ta zauna a ɗakin karɓar masu rauni. Idan an kai ga amfani da ita wata rana, na nemi a sa sharaɗi cewa mutum guda aikinsa kawai ya riƙe agogo yana faɗin mintuna da ƙarfi, a rubuta lokacin hurawa a jikin majiyyaci, a kuma riƙa duba bugun jini da ɗumin ƙafar kowace awa bayan an zare kuben. Wakilin ya dawo ya karɓi samfurinsa ranar Alhamis, na kuma roƙe shi ya bar mana mutum-mutumin na wata guda, domin ƙananan likitocinmu su ci gaba da koyon nemo jijiyar cinya da na'urar hoto, ya amince.